Kada Kwanon Ya Dawo A Cike

Tsafe, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Gusau lafiya kai da kekenka, ka kuma tarar da abokan horonka lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, da na manyan motoci, da na bakin mutane. Mu nan lafiya lau. Ba labarin gida zan ba ka ba, domin kwana tara da tafiyarka babu abin da ya canza sai ɗakinka da ke rufe.

Ka san ba ma doguwar magana ni da kai. Kai ne ɗan fari, kuma haka muka tarar ana yi da ɗan fari. Shekara ashirin da shida muna gida ɗaya, abin da ya fi haɗa mu shi ne "ina kwana" da "a dawo lafiya". Na koya wa 'ya'yan mutane da yawa yadda ake rubuta wasiƙa, ban taɓa rubuta wa nawa ba. Yau na ɗauki biro ne don na ga ka hau wata hanya da na taɓa bi, kuma na san inda ta kayar da ni.

Na ji abin da mai horar da ku ya ce, cewa in ba ka rage jiki ba kafin wata biyu, ba zai sa sunanka cikin waɗanda za su tuƙa keke daga Gusau zuwa Kaduna ba. Ban ga laifinsa ba. Zaman kanti ya tara maka teɓa, kullum shayi da madara, ga masa da mai, ga lemon kwalba duk sanda aboki ya leƙo. Ba kuma zan ce ka bar keke ba. Tunda ka fara shi na ga fuskarka ta washe. Maganata a kan yadda kake rage jikin ne, da abin da yake ci a cikin gidan nan ba ka sani ba.

Ni ma na taɓa shiga tseren keke. Ba wanda ya taɓa gaya maka, domin waɗanda suka sani wasu sun mutu, wasu kuma sun zama manya. Waɗanda nake gyara wa lissafi a aji su ne yanzu suke ratsa Tsafe da jiniya tun da aka yanke mana jiha, ni kuma ina bakin titi a kan tabarma da takardar sallama daga aiki mai layi uku a cikin akwati. Ba su tuna sunana ba, balle kekena.

A lokacin na gama kwalejin horon malamai, an turo ni koyarwa a garinmu Kwatarkwashi. Ina da ɗaki a zauren gidanmu, da farin gajeren wando, da sabon keke. Sai aka yi shela cewa samari za su yi tsere daga Gusau zuwa Sakkwato, waɗanda suka yi fice za a tafi da su gaba. Na sa sunana. Jikina a lokacin ya yi kama da naka na bara, domin mu zuriyar ƙiba ce in muka sami zama.

Na sami wani littafin Turawa a ɗakin karatun kwaleji mai hotunan masu tseren keke, duk sirara kamar kara. Na karanta shi sau uku. Abin da na fahimta shi ne nauyi abokin gaba ne, saboda haka abinci ma abokin gaba ne. Ban tsaya na tambayi kaina me waɗannan mutane suke ci a ƙasarsu ba, ko wace irin rana ke dukansu. Na daina tuwo, na daina fura. Da safe ruwan shayi babu komai, da rana gyaɗa cikin tafin hannu, da yamma wani lokaci lemon tsami a ruwa. Kullum bayan an tashi makaranta sai in tuƙa zuwa Gusau in dawo. A Gusau akwai wani ma'auni a inda ake sayen auduga, na saba da mai kula da shi, sai in hau sikelin kamar buhu, ya tura ƙarfen ya faɗa mini nauyina. Ranar da ya ragu, ina dawowa ina waƙa. Ranar da bai ragu ba, gyaɗar ma sai in hana kaina.

Na ga kai ma ka sami wani sikeli a kyamis kana hawa safe da yamma. Ka bar wannan. Sikeli ba ya bambance kitse da ƙarfi, duk wanda ya tafi ragi zai nuna maka. Ni da na hau na auduga ina murna, naman cinyata ne yake tafiya, wato abin da zan taka feda da shi. Ka hau sau ɗaya a mako, ya isa. Abin da za ka duba kullum shi ne hawan da ke kafin Kwatarkwashi. In kana gama shi da sauran numfashi fiye da makon jiya, kana kan daidai. In kana gama shi kana ganin duhu-duhu, to yunwa ce take tuƙa ka.

Akwai wani Ɗahiru, mutumin Mada, da shi ma ya sa sunansa. Bai taɓa shiga aji ba, sana'arsa ɗaukar buhunan hatsi a kariyar keke daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Mukan haɗu a hanya. Wata rana ya same ni na sa rigar ruwa ta roba a tsakiyar rani ina tuƙi, wai don gumi ya narkar da kitse. Ya rage gudu ya jera da ni, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam makaranta, hadari ka gani wanda mu ba mu gani ba?"

Na ce masa wannan ilimi ne, ba zai gane ba.

Ya ce, "Awo, ilimi. To in ka dahu ka aiko mini, in zo da yaji."

Na ji an ce wasu cikin abokanka suna naɗa leda a ciki ƙarƙashin riga. Ruwan jikinka kawai kake zubarwa, da ka sha moɗa biyu ya dawo, amma jirin da zai bar maka ba ya tafiya da wuri. Ka sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ka. In tafiyar ta yi nisa ka jefa ɗan gishiri a gorar. Abin da za ka rage kuwa sananne ne: sukari, soye-soye, lemon kwalba, da malmala ta biyu. Ta farkon ka ci abarka, da miyar ganye mai yawa. Wake, zogale, rama, fura ba sukari, duk ba su taɓa kayar da mahayi ba. Kuma in ka sauko daga doguwar tafiya, kada ka kwanta da ciki wayam don ka burge sikeli. A lokacin ne jiki yake gyara abin da ya lalace.

Duk wannan ƙaramin kuskure ne. Ga babban.

Ni ɗan fari ne a wurin Inna, kakarka da ba ka sani ba, kamar yadda kake a wurin mahaifiyarka. Ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. In tana nemana sai ta ce, "Ku kira wancan." Ba ta zama inda nake zaune, ba ta tambayar lafiyata a gaban mutane. In na yi zazzaɓi ƙanwarta take turowa, ita tana bayan danga tana saurare. Abu ɗaya al'ada ta bar mata, shi ne akushin da take ajiye mini a ƙofar zaure. In ta ji daɗina sai in ga man shanu ya yi yawa a miya. In na dawo hutu daga makarantar kwana sai in tarar da cinyar kaza a ɓoye ƙarƙashin tuwo. Duk maganar da ke tsakanina da ita a cikin akushin nan take. Amsata kuwa ita ce ya koma mata babu komai a ciki.

Da duk karatuna ban gane haka ba. Wata uku akushin yana komawa yadda ya zo, ko faifan ban ɗaga ba.

Inna ta ɗauka tuwon dawa ne ya yi wa malamin makaranta ƙauyanci, sai ta koma yi mini na shinkafa, abin da a gidanmu sai da Salla. Ya koma a cike. Ta ɗauka akushin itace ne nake ƙyama, sai ta sayo kwanon ƙarfe mai zanen fure ja, irin wanda ake jere da shi. Ya koma a cike. Ka san garuruwanmu. Wanda ya ƙi cin abincinka, ana cewa yana zarginka ne. Mata suka fara magana a bakin rijiya, wai ko malamin yana tsoron a zuba masa wani abu ne. Maganar ta zo kunnena, na yi dariya na ce jahilci ne. Ban tambayi kaina yadda ta zo kunnenta ba.

Wata rana da la'asar ina zaure ina shafa wa sarƙar keke mai, sai na ji motsinta a bayan ƙofa. Ba ta shigo ba. Babu kowa a wurin sai ni, amma sai ta yi magana kamar da wani take.

"A tambayar mini mai ɗakin nan, mi na yi mai?"

A iya sanina wannan ne karo na farko da ta nufe ni da tambaya. Ka san amsar da na ba ta? Ko kaina ban ɗaga daga sarƙar ba. Na ce, "Inna, ba za ki gane ba. Abincin nan nauyi yake sa mutum."

Sai ta ce, "Da shi dai aka yi ƙashin. Allah shi ba da sa'a." Na ji ƙarar kwanon da ta ɗauka.

Shekara talatin da wani abu ke nan, kuma babu makon da ba na sake ba ta wata amsar a raina.

Ana gobe tsere na yi abin da ya ƙarasa ni. Na dafa ganyen filasko na sha kofi guda, wai in wanke ciki in tashi sakayau. Da asuba muka taru a Gusau. Ɗahiru yana tsaye jikin kekensa, ya ɗora kwanon ɗumame a kariya yana ci hannu baka hannu ƙwarya. Ya miƙo mini.

"Bisimilla, Malam. Sakkwato da nisa."

Na ce na gode, ni ba jaki ba ne da za a yi mini lodi kafin tafiya.

Ya lashe yatsa ya ce, "Jaki dai shina isa inda za shi."

Aka busa usur. Gaskiya na fita kamar iska, har muka shiga Bungudu ina cikin na gaba, mutane suna ta tafi. Mun wuce garin kaɗan sai cikina ya murɗa. Ƙafafuna suka zama kamar ba nawa ba, titi ya fara rawa. Ban san lokacin da na faɗi ba. Da na farfaɗo ina kwance a gefen gona, gwiwa tana jini, kuma filaskon ya gama aikinsa a cikin farin wandon nan. Sauran mahaya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna kawar da kai. Ɗahiru ne kaɗai ya tsaya, ya ja ni inuwa, ya tuɓe rigarsa ya rufa mini, bai yi dariya ba. Na ce ya tafi. Ya tafi, kuma ya isa Sakkwato. Bai zo na ɗaya ba, amma ya isa. Har yau yana Mada yana ɗaukar buhu a keke, ni kuwa hawan matakalar masallaci sai na huta.

Saboda haka, makon ƙarshe kafin tafiyarku ka daina rage komai. Ka ci ka ƙoshi, ka yi barci. Kada ka sha wani jiƙo ko ƙwaya da sunan wankin ciki, ko wane ne ya ba ka. Ranar tafiya ka ci abin da cikinka ya saba da shi tun kana yaro.

A inuwar nan wata tsohuwa ta same ni, 'yar Kekun Waje, ta ɗauko fura za ta kai Bungudu. Ta sauke ƙwaryarta, ta dube ni, ta ga haƙarƙarina a waje. Ba ta tambayi sunana ba. Ta dama fura ta tallafo kaina tana ba ni da ludayi, tana faɗa wa kanta, "Wanga yaro ba shi da uwa? Ina uwar wanga yaro?"

Na shanye, ta ƙara, na shanye. Furar da na ƙi karɓa daga hannun Inna wata uku, na sha ta a hannun baƙuwa ina kwance cikin ƙazanta.

Da na yi hankali, daga nan gida zan nufa, in zauna a zaure in jira kwano. Amma kunya ta hana ni. Labari ya riga ni isa Kwatarkwashi, na san ɗalibaina sun ji, na san matan bakin rijiya sun ji. Na maƙale a Gusau wurin wani aboki, na nemi a canza mini makaranta zuwa nesa, aka kuwa canza. Na ce zan koma in mutane sun manta. Sau biyu Inna tana aiko mini da curin fura ta hannun direban babbar mota, babu saƙon baki ko ɗaya. Na ci, amma ban aika da komai ba, ina jira in zo da kaina in na zama wani abu. Da damina ta kwanta ciwo. Kafin saƙo ya same ni, kafin in sami mota, an riga an kai ta. A ɗakinta na tarar da kwanon nan mai fure, a wanke, an rufe shi da faifai.

Kada ka bar kunya ta hana ka dawowa gida. In an cire sunanka, ka dawo. In ka faɗi a hanya, ka dawo a ranar, ko da wandon a ɓace. Mutane ba sa mantawa, na jira na gani. Waɗanda kake jin kunyarsu suna nan daram, wadda kake so ka koma wurinta ce take tafiya.

Wannan kwanon ka san shi. Shi ne wanda furensa ya koɗe, bakinsa ya ɓantare, wanda ka taɓa cewa ya kamata a jefar. Ranar da aka kawo mahaifiyarka gidan nan na ba ta shi ban ce komai ba, ita kuma da ka isa cin abinci kai kaɗai sai ta mai da shi naka.

Yanzu ga abin da ban so faɗa ba. Mako bakwai kafin ka tafi, kullum tana ajiye maka shi a ƙofar zaure, kullum kana tsallake shi ka shiga ɗaki da lemon tsaminka. Rana ta farko da na ga haka ban iya yi maka magana ba. Sai na jira ka shige, na ja kwanon bayan ƙyaure na cinye, na mayar mata wayam. Washegari ma haka. Mako bakwai ina cin nawa ina cin naka, ni da likita ya ce in yi hankali da ciki. Na ɗauka na rufa muku asiri ku biyu.

Wata rana tana shanya a tsakar gida, ina alwala, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Malam, na ga rigarka ta fara matse ka. Wancan kuma wandonsa sai da igiya."

Na ce zafi ne, kowa da yadda yake karɓarsa.

Ta ce, "Awo, zafi."

Washegari da na buɗe kwanonka na kai loma, sai na ji babu barkono. Kai ne mai son yaji har kana hawaye, ni kuwa ba na iya cinsa, ta fi kowa sani. Ta san wanda yake ci. Ba ta fasa ajiye maka a ƙofar zaure ba, ta dai cire barkonon. 

Tun da ka tafi ba ta rage awon da take ɗiba ba. Shekaranjiya ina zaure na ji motsinta a bayan ƙofa, na kuwa taɓa jin irin wannan motsin. Ta ce, "A tambayar mini, su masu keken nan mi suka ci?"

Wannan karon na ajiye abin da ke hannuna na amsa. Na gaya mata duk abin da na gaya maka a sama. Ta saurara har na gama, ta sa na maimaita maganar mai da sukari.

Abin da ta yi ke nan a cikin kwanon da Mamman direba zai ba ka tare da takardar nan. Dambu ne da zogale da wake, ba ta zuba mai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma barkonon ya dawo. A gefe akwai curin fura huɗu a ƙulle, babu sukari. Ta tashi tun da asuba ta yi, ta rufe da faifai, ta ɗaure da tsumma, ta ajiye a ƙofar zaure inda ta saba, ta koma ciki. Ba ta ce in gaishe ka ba. Ka dai san ba za ta ce ba.

In ya yi maka yawa ka ci da abokanka, har da mai horar da ku, ya gani da idonsa ko akwai abin da zai hana. Amma lomar farko taka ce. Ba na roƙonka ka bar abin da ka sa gaba. Ina so ka rage jikin, ina so a sa sunanka, ina so ranar da za ku ratsa Tsafe in miƙe daga tabarmar nan in ga ɗana cikin mahaya, ya wuce inda ubansa bai kai ba. Ban taɓa ganin Sakkwato a kan keke ba, kuma har yanzu nakan yi mafarkin hanyar da ke gaba da Bungudu. Ka ga Kaduna a madadina. Sai dai ka isa da ƙarfinka, ka kuma dawo ka tarar da mai ajiye maka kwano.

Mamman zai juyo gobe bayan azahar, in ya sami mai. Ka ba shi kwanon. Ni zan je tasha in tarye shi da kaina. Amma ka sani, na daina ci maka. Ba zan ɗaga faifan ba, ba zan leƙa ba. Yadda ya dawo daga hannunka, haka zan ajiye mata shi a bakin ƙofa.

Allah ya ba ka ƙarfin ƙafa da tsawon numfashi. Allah ya kare ka daga faɗuwa, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mini abin da na yi mata. Ka gai da abokan tafiyarka.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka.